Kututturen gonarka bai mutu ba

Manoma, lokacin sassabe ya zo. Kafin ku ɗora gatari a kan kututture, ku dakata.

Tun farin 1973 da na 1984 damina ta sake hali. Ruwa kan makara, ko ya ɗauke hatsi yana tsakiyar bununi. Amma laifin ba na sama ba ne kaɗai. Mu ma mun share gonaki ƙwal, mun ƙone kowane toho. Iska ta samu hanya, tana binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau uku.

A 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da abin da kowa ke takawa. Kututturen sabara, kalgo da gawo suna da rai, saiwarsu tana nan cikin ƙasa. Ba su buƙatar dashe ko ban ruwa.

Ga yadda ake yi. A kowane kututture, zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi. Sare sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Wannan shi ne sassaben zamani. Ta haka itatuwa suka dawo a hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar.

Gawo ya fi cancanta a bari. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen taki ne, ƴaƴansa kuwa abincin bisashe ne da rani.

Sauran wahala ita ce masu sara da dare. Maganinsu sai gari ya haɗa kai da maigari da makiyaya, a sa masu tsaro.