Abin da ya haɗa albasar kasuwar Kazaure da kalmar "apricot"

Mai sayen albasa ko alkama a kasuwar Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa bai cika lura cewa Larabci yake furtawa ba. Albasa daga "al-basal" ta fito, alkama daga "al-ƙamh". Wannan "al" ɗin ba ya cikin asalin sunan, harafin fayyacewa ne na Larabci, amma Bahaushe ya haɗiye shi tare da kalmar. Haka aka samu alƙalami, aljihu da albarka.

Turawa ma sun yi irin wannan haɗiya, kuma "apricot" shaida ce. Ɗan itace ne ruwan goro, bai kai lemon zaƙi girma ba, da ƙwallo ɗaya a ciki. Bishiyarsa sai ta sha sanyin hunturu mai tsanani kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa ba a ganinta a lambunan Jigawa. An fi haɗuwa da busasshensa a manyan kantuna ko a ƙasa mai tsarki, kuma garin Malatya na Turkiyya ne ya yi suna wajen busar da shi.

Sunan ya sha yawo. Rumawa sun kira shi "praecoquum", wato mai nuna da wuri, domin yana riga 'yan uwansa nuna. Girkawa suka ara, Larabawa suka karɓa daga gare su suka ce "al-barƙuƙ". Bayan Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, kalmar ta zauna a bakin mutanen Sifaniya a matsayin "albaricoque". Faransawa suka ce "abricot", Ingilishi ya ɗauka a ƙarni na 16. Ke nan kalma ce ta Turai da ta je ƙasar Larabawa, ta koma gida da rawani. Abin dariya, yawancin Larabawan yau "mishmish" suke ce masa, "barƙuƙ" kuma ya koma sunan wani ɗan itacen daban.

Masu cewa aron kalma lalata harshe ne za su sha wuya a nan, domin har yanka kalmar aro kowa da yadda yake yi. Bafaranshe ya yar da "l" ya riƙe "a". Bahaushe kuwa sau da yawa "a" ɗin yake yarwa: "al-khabar" ya zama labari, "al-waƙt" lokaci, "al-imam" liman, "al-kitab" littafi.