Ƙafar Da Ba Ta Jin Tsakuwa

In tsakuwa ta shiga takalmin mai lafiya, ba zai yi taku biyar ba sai ya tsaya ya kakkaɓe ta. Ba wanda ya koya masa haka. Tafin ƙafarsa ne ya kai ƙara, shi kuma ya saurara. Amma a cikin waɗanda muke ziyarta a Sabon Gari da Fagge akwai masu wuni da ƙusa a takalmi, ba su sani ba sai da dare sun ga jini. Yawancinsu masu ciwon sukari ne da ya daɗe, kaɗan kuma waɗanda suka taɓa yin kuturta. A wannan fitowa muna so mu yi bayanin yadda jiki yake jin taɓawa da dannawa, da abin da yake faruwa in wannan ji ya ɗauke, domin ƙafafu da yawa da ake yankewa a asibiti, daga ɗan bororo abin ya fara.

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana da 'yar fata mai laushi da ta kewaye ta. Tun da daɗewa masana sun san cewa in an danna fata, wani saƙo mai kama da lantarki yakan bi jijiya ya kai ƙwaƙwalwa. Abin da ya gagare su shi ne gano wurin da dannawa take juyewa ta zama saƙo.

Amsar ta fito a 2010, daga cibiyar bincike ta Scripps a jihar Kalifoniya ta Amurka. Shugaban masu binciken, Ardem Patapoutian, an haife shi a Beirut a 1967, ya bar Lebanon a 1986 saboda yaƙin basasa. (Mutanen Kano ba baƙin wannan suna ba ne, tun da muna da titin Beirut a nan cikin gari.) Wani abokin aikinsa, Bertrand Coste, ya sami irin ƙwayoyin da in an tsokane su da ɗan siririn tsinken gilashi sukan ba da lantarki. Sai suka jera ƙwayoyin gado 72 da suke zargi, suka riƙa kashe aikinsu ɗaya bayan ɗaya suna sake tsokana. Guda 71 ba su canza kome ba. Da aka kai ga na 72, sai ƙwayar ta yi shiru, a tsokane ta yadda aka ga dama ba ta amsawa. Abin da suka gano wata 'yar ƙofa ce a jikin fatar ƙwayar. Suka sa mata suna Piezo1, daga kalmar Girkanci mai nufin dannawa, suka kuma sami 'yar'uwarta Piezo2. Da aka sami hotonta daga baya, sai aka ga tana da fuka-fuki uku kamar fankar silin. In fatar ƙwayar ta miƙe saboda an danna ta, fuka-fukan sukan baje, ƙofar ta buɗe, sinadaran gishiri masu ɗauke da lantarki su kwarara ciki, saƙo ya tashi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

A 2021 aka ba Patapoutian kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da David Julius, wanda shi kuma a 1997 ya gano ƙofar da take jin zafi. Da sinadarin barkono ya yi nasa binciken. Ashe ƙofar da take jin zafin wuta ita ce attarugu yake buɗewa a harshe, shi ya sa mai cin yaji yake gumi.

Waɗannan ƙofofi ba a fata kaɗai suke ba. Suna cikin manyan hanyoyin jini suna auna ƙarfin bugunsa, suna cikin huhu, suna cikin mafitsara suna faɗa mana ta cika, suna kuma cikin ƙashi, inda suke jin nauyin da aka ɗora masa don ya ƙara ƙarfi. Piezo2 ce take sanar da mu inda hannu da ƙafa suke ko da mun rufe ido. A 2016 likitoci a Amurka suka ba da labarin wasu matasa biyu da aka haifa wannan ƙofa ba ta aiki a jikinsu: in an ɗaure musu ido, tafiya takan gagare su. Har jajayen ƙwayoyin jini suna da Piezo1, kuma wani bincike na 2018 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin uku na 'yan asalin Afirka da aka gwada suna da wani nau'inta na dabam, wanda ake ganin yana da alaƙa da kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

To, ƙofa ko ta buɗe, sai da wayar da za ta kai saƙo. A nan matsalar mutanenmu take. Ƙwayar cutar kuturta takan shiga rigar da ta lulluɓe jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska ta lalata su. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, shi ma yakan cinye jijiyoyi, ya fara daga mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Ƙafar tana nan, ana taka ta, amma saƙonta ba ya isa.

Arewa ta daɗe da sanin wannan. A wajen ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta fara kula da masu kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A zamanin, har likitoci da dama sun ɗauka cutar ce da kanta take cin nama har yatsu su zube. Wanda ya rushe wannan zato shi ne Dokta Paul Brand, likitan tiyata ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946. Ya riƙa bin majinyatansa yana duba hannu da ƙafa, duk rauni sai ya nemi sanadinsa. Wannan ya riƙe tukunya mai zafi, wancan ya wuni da fartanya mai tsagaggiyar ƙota, wani kuma ɓera ne ya ci masa yatsa yana barci bai farka ba. Naman jikinsu lafiya lau yake, gargaɗi ne ba ya zuwa.

Abin da ya fi ba mu amfani a bincikensa shi ne wanda ya yi bayan ya koma asibitin Carville a Amurka a tsakiyar shekarun 1960. Ya sa wata na'ura tana danna tafin ƙafar ɓeraye da ƙarfi matsakaici, irin wanda sau ɗaya ba ya yin kome, amma sau dubbai a rana. Ranar farko wurin ya ɗan yi zafi ya kumbura. Da aka ci gaba kullum ba hutu, cikin 'yan kwanaki fatar ta fashe ta zama gyambo. Ma'ana, ba sai ƙusa ko kwalba ba. Taku na yau da kullum, in a wuri guda yake sauka, ya isa ya huda ƙafa. Mai lafiya in gefen ƙafarsa ya fara gajiya, yakan sauya taku, ya ɗan ɗingisa, ya sassauta takalmi ko ya nemi benci, sau da yawa bai ma san ya yi ba. Wanda jinsa ya ɗauke haka zai yi ta buga wuri guda daga safe har dare.

Mu duba irin aikin da ake yi a unguwanninmu. Mai shago a kasuwar Sabon Gari a tsaye yake wuni a kan siminti. Ɗan dako a Kantin Kwari da Singa yana ɗauke da dila a ka, duk nauyin kuwa a tafin ƙafa yake ƙarewa. Mai tura kurar ruwa da silifa ɗaya zai shekara, har ta zama kamar takarda. A ganinmu, gaya wa irin waɗannan mutane su je su huta magana ce ta wanda ya ƙoshi. Abin da ya fi shi ne ido da hannu su karɓi aikin da jijiya ta ajiye.

Kowace yamma a wanke ƙafa a duba ta da haske, har tsakanin yatsu, a sa madubi a ga tafin, ko a sa wani a gida ya duba. A shafa da bayan hannu: wurin da ya fi sauran ɗumi, ko ya yi ja, ko ya yi kanta mai kauri, can gyambo yake shirin fitowa, a rage taka shi tun bai fashe ba. Ƙafar da jijiyarta ta mutu ba ta gumi sosai, don haka takan bushe ta yi faso. A jiƙa ta a ruwa mara zafi, a goge kaushin a hankali, a shafa basilin ko man kaɗanya, amma ban da tsakanin yatsu. Kada a sa reza a yanke kanta. Kafin a sa takalmi a zura hannu ciki. Sabon takalmi kuma kada a wuni da shi ranar farko, komai kyansa, ko da na bikin Kirsimeti ne ko na Salla. Takalmin da ya dace shi ne mai taurin ƙasa, mai laushin ciki, wanda aka ɗinka ko aka manna, ba mai ƙusa ba, kuma duk shumeka zai iya yin sa in an yi masa bayani. Da hunturu a yi hankali da kaskon wuta da ruwan wanka, a gwada zafin da gwiwar hannu.

Wannan ilimi ya shafi masu jinya a gida ma. Tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki da yake kwance ba ya iya juyawa, nauyinsa yana danne fatar ƙugu da ɗuwawu da diddige har jini ya kasa ratsawa. A riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, a sa filo a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa, shimfiɗa kuma ta zama busasshiya.

Gwajin jin ƙafa ba shi da tsada. Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani ɗan zaren roba da yake lanƙwashewa in nauyin dannawa ya kai giram 10, wasu kuma da bakin biro. Mutum ya rufe ido, a taɓa wurare dabam-dabam a tafin ƙafarsa, ya nuna inda ya ji. Duk mai ciwon sukari ya kamata a yi masa wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma tambaya in ba a yi masa ba. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, ko yatsunsa suka fara sagewa ko rasa ƙarfi, ya nufi asibitin Yadakunya, wanda aka fi sani da Bela, ko ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarsa. Maganin kuturta kyauta ne, na wata 6 ko wata 12, kuma yana kashe cutar. In lalacewar jijiya ba ta wuce wata 6 ba, akwai maganin da likita zai ƙara wanda sau da yawa yakan dawo da ji. In ta daɗe fiye da haka, da wuya ya dawo.