Ƙaraye da Rogo: Dalilin da ya sa kwamfuta ke karanta ɗaya daidai, ta ɓata ɗayan

Ƙaraye da Rogo maƙwabtan juna ne a yammacin Jihar Kano, kuma dokar 2024 ta haɗa su a masarauta ɗaya. Amma idan aka shigar da sunayensu cikin wasu manhajoji, Rogo kan fito sumul, Ƙaraye kuwa sai harafinta na farko ya rikiɗe ya koma alamar tambaya.

Wani ɓangare na matsalar na cikin yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka a 1972.

A yaren C, umarnin getchar na karɓar harafi, putchar kuma na fitar da shi. Sai dai abin da suke ɗauka a matsayin harafi bayit ɗaya ne kacal. Hakan ya wadatar da haruffa 128 na tsarin ASCII, amma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsu.

A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane harafi mai lanƙwasa bayit 2 ne. Don haka Rogo bayit 4 ce, Ƙaraye mai haruffa 6 kuwa bayit 7 ce.

Idan kwafi kawai ake yi, getchar da putchar na isar da bayit ɗin yadda suke, sunan ya fito lafiya. Rigimar na tasowa ne wajen ƙirga haruffa ko yanke suna domin ya shiga gurbin fom, inda ake iya tsaga Ƙ gida biyu.

Su kuwa getwchar da putwchar, waɗanda aka ƙara wa yaren a 1995, suna ɗaukar harafin cikakke, muddin mai rubuta manhajar ya fara kiran setlocale ya zaɓi UTF-8.

Wasu masu cike fom kan kauce wa matsalar ta hanyar cire lanƙwasar, Ɗahiru ya koma Dahiru. Amma a Hausa, lanƙwasa na sauya ma'ana: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban.

Gwajin mai sauƙi ne ga ɗalibin da ke koyon C: ya sa manhajarsa ta ƙirga haruffan Ƙaraye. Idan ta ce 7, da sauran aiki.