Ɗan akun Rimatara da dokar sarauniya

A kudancin Tekun Fasifik akwai wani ɗan tsibiri mai suna Rimatara, ƙarƙashin mulkin Faransa, wanda girmansa bai kai murabba'in kilomita 10 ba. Nan ne gidan wani ƙaramin aku da mutanen wurin ke kira ura. Tsawonsa bai wuce santimita 19 ba, bayansa kore shar, ƙirji da kumatu ja wur, ƙeya kuma shuɗiya mai duhu.

Ruwan zaƙin fure da garin fure su ne abincinsa. Kan harshensa na da 'yan gasu masu laushi kamar buroshi. Yakan maƙale jikin furen ayaba ko na kwakwa, wani lokaci kai a ƙasa, ya zura harshe ya lashe, ya yi gaba. A kogon bishiya yake yin sheƙa.

Kyansa ne ya so ya ja masa. A da yana nan birjik a kudancin tsibiran Kuk, amma jan gashinsa kayan ado ne na sarakuna, da shi ake ƙawata hulunan sarauta. Aka yi ta kama shi har ya ƙare ƙaf a can. A Rimatara kuwa, wajen shekarar 1900, Sarauniya Tamaeva ta haramta kama shi ko fitar da shi daga tsibirin, jama'a kuma suka riƙe wannan hani gam.

Sai dai a ganina, doka kaɗai ba za ta isa ba da baƙin ɓera ya samu shiga. Wannan ɓera, mai bin jiragen ruwa, gwanin hawan bishiya ne. Yana shiga kogo ya shanye ƙwai, ya cinye 'yan tsaki. Shi ya shafe dangin wannan aku daga tsibirai da dama, amma bai kafa zuri'a a Rimatara ba. Ɓera guda mai ciki a cikin buhun kaya ya isa ya kawo ƙarshen komai, shi ya sa ake binciken kayan da aka sauke daga jirgi, har da kare mai sansano ɓera.

Saboda wannan fargaba, a watan Afrilun 2007 aka ɗebi tsuntsaye 27, da yardar mutanen Rimatara, aka kai su Atiu, wani tsibirin Kuk da shi ma ba shi da baƙin ɓera. A 2008 aka ga 'ya'yan farko. Can kuma wani maƙiyin suka tarar: maina, tsuntsun Indiya mai faɗan tsiya da aka shigo da shi tun da daɗewa don ya ci ƙwarin kwakwa. Ya riƙa kai wa sheƙunansu hari, sai da mutanen Atiu suka shafe shekaru suna ɗana masa tarko da harbinsa kafin tsuntsayen ura su samu sakewa su yaɗu.