Jennifer Rocha: Mataimakiyar kocin da ke zaɓen kowane jifa

A watan Yunin 2017, jami'o'in Florida da Oklahoma suka kara a wasan farko na ƙarshen gasar sofbol ta matan jami'o'in Amurka. A ƙa'ida zagaye 7 ake yi a tashi, amma ranar sai da aka kai zagaye na 17 kafin Oklahoma ta yi nasara da ci 7 da 5. A bencin Florida akwai Jennifer Rocha, mataimakiyar koci mai kula da masu jifa, tana fafatawa da Patty Gasso, matar da ta horar da ita tun tana ɗaliba. Bayan shekara guda, Gasso ta ɗauke ta aiki.

Sofbol ƙanwar besbol ce. Mai jifa tana tsayawa nisan ƙafa 43 daga mai bugu, ta juya hannu ta saki ƙwallon ta ƙasa, ita kuma waccan ta nemi kai masa sanda. Ɗan kallo yakan zaci mai jifar ce ke yanke shawara. A yawancin manyan ƙungiyoyi ba haka ba ne. Mataimakiyar koci ce, daga inda take zaune, ke zaɓen irin jifan da za a yi, mai tashi sama ne ko mai nutsewa ko mai yaudara da rashin gudu, da kuma gefen da zai bi. Da lambobi ake isar da umarnin, 'yan wasa su duba takardar da ke ɗaure a hannunsu; daga baya aka halatta na'urar aika saƙo. A wasa ɗaya takan yanke irin wannan shawara fiye da sau 100, kuma kuskure guda na iya rufe kakar wasa.

Wannan shi ne abin da ake gani. Kafin ranar wasa ta kalli bidiyon abokan hamayya, ta rubuta inda kowace mai bugu ke da rauni. Ta tsara atisaye ba tare da ƙetare sa'o'i 20 a mako da hukumar NCAA ta ƙayyade ba, domin 'yan wasan ɗalibai ne masu jarrabawa a gabansu. Da bazara kuma sai yawon gasar 'yan sakandare, tana neman yarinyar da za a ba gurbin karatu, tana shawo kan iyayenta. Tun da aka buɗe rajistar sauya jami'a a 2018, aikin ya ƙaru: wadda aka raina shekara biyu tana iya tattara kayanta, kamar yadda Jordy Bahl ta koma Nebraska a 2023 jim kaɗan bayan ta ciyo wa Oklahoma kofi.

Rocha ta yi wa Oklahoma jifa a ƙarshen shekarun 1990, sannan ta shiga horarwa daga ƙaramin mataki. Ta yi aiki da Tim Walton a Wichita State, da ya samu Florida ta bi shi, ta zauna daga 2006 zuwa 2018. Duk wanda ya taɓa zama hadimin wani babba ya san wannan: makomar mataimaki a ɗaure take da ta maigidansa, in ya hau a hau tare, in an sallame shi galibi har da mutanensa. A Florida ta ci kofi a 2014 da 2015. A Oklahoma aka ci huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, abin da babu wata jami'a da ta taɓa yi a babban rukuni. A kakar 2023 sun ci wasa 61, sau ɗaya tak aka doke su.

Abin da ya fi nuna hannunta, a ganina, shi ne yadda fuskoki suka riƙa sauyawa sakamakon bai sauya ba. Giselle Juarez ce gwarzuwar gasar ƙarshe a 2021, Bahl a 2023, sai Kelly Maxwell a 2024, wadda ta zo daga maƙwabciya Oklahoma State ta yi shekara guda kacal. Masu jifa uku, salo daban-daban, malama ɗaya. Duk da haka sunan da duniya ta riƙe na Gasso ne, mai kofi 8 tun da ta kama aiki a 1995, kuma ita jami'ar ta kafa wa mutum-mutumi.

Akwai wata hanyar. Kujerar da Rocha ta gada ta Melyssa Lombardi ce, wadda ta shafe kusan shekara 20 tana mataimakiyar Gasso kafin ta karɓi shugabancin Oregon a 2018. Farkon zuwanta ba daɗi, domin manyan 'yan wasa da dama sun fice. Sai a 2025 ta kai ƙungiyar gasar ƙarshe a birnin Oklahoma, kuma tsohuwar uwar ɗakinta ce ta fitar da ita, Rocha na zaune a ɗaya bencin tana zaɓen jifa.