Iskar tayar keke: abin da lambobin gefen taya ke faɗi

Mai faci a Bacirawa ta Kano ba ya neman ma'auni kafin ya ba keke iska. Ya buga, ya matsa da babban yatsa, ya ce ta yi. Amma a gefen kowace taya akwai rubutu, kuma yana da amfani.

A kan tsohon keken dako irin Raleigh ko Phoenix za ka ga 28 x 1½, wani lokaci 40-635. Lamba 635 faɗin da'irar rim ne a milimita, 40 kuwa kaurin taya. Kusa da su akwai PSI, ma'aunin ƙarfin iska. Akwai kuma wani ma'aunin, bar: bar 1 daidai yake da PSI 14.5. Tayar mota kan ɗauki 30 zuwa 35, irin wannan tayar keke 40 zuwa 60, siririyar tayar keken tsere kuma ta kan haura 80. Ƙanƙantar taya ce ke sa ta buƙaci ƙarfin iska.

Ga lissafin da ya fi shafar manomi. PSI 50 na nufin kowane murabba'in santimita na taya yana ɗaukar kilo 3.5. A ce mutum ya ɗaura buhu mai kilo 100 a kariya zai nufi kasuwar Dawanau, nauyin da ke kan tayar baya ya kai kilo 130. Wurin da taya ke taɓa ƙasa zai kai murabba'in santimita 37. In iska ta sauka zuwa 30, sai ya koma 62. Taya ta baje ke nan, rim ya kusanci ƙasa, kuma ramin farko da aka faɗa zai datse tif ya bar huji biyu gefe da gefe. Wanda ya ga irin wannan huji kada ya zargi ƙaya, rowar iska ya yi. A yashi kuwa, babu kaya, wannan bajewar ita ake so, don ita ke hana taya nutsewa.

Zafi ma na da nasa hannu. Kowane digiri 10 na ƙara kusan PSI 2, don haka tayar da aka cika tam da asuba a watan Afrilu, ta wuni kan kwalta, tana iya ƙetare iyakarta.

To ina batun taya marar tif? Kamfanonin Faransa, Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarinta na kekuna a 1999, don masu hawan duwatsu da keke da ke son tafiya da PSI 20 zuwa 30 ba tare da datse tif ba. Ruwan roba da ake zubawa ciki yana toshe hujin tsidau nan take, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a hanyar gona. Sai dai ruwan kan bushe cikin 'yan watanni, a zafin Kano ma ya fi sauri. Tana kuma buƙatar rim na musamman da ba ya yoyon iska, abin da tsohon rim na ƙarfe mai birkin sanda ba shi da shi.

A ganina matsalar da aka ƙirƙire ta dominta ba ta mai dako ba ce: shi iska mai yawa yake buƙata. Wanda ƙaya ta dama zai iya zuba ruwan roban a cikin tif ɗin da yake da shi, ya bar sholisho da faci don babban huji.