Ɗaga Kafaɗa Wajen Numfashi: Ma'anarsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Bahaushe ya ce jiki magayi. Ɗaya daga cikin alamomin da jiki yake bayarwa, amma ba a cika kula da ita ba, ita ce ɗagawar kafaɗu duk sa'ad da mutum ya ja numfashi. Wannan takarda za ta bayyana dalilan haka, tare da duban rayuwar mutanen Bomo da Samaru da Sabon Gari.

Yadda Numfashi Yake

A ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wadda ta raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka sai iska ta shiga huhu, ciki ya ɗan taso. Ita ce ke ɗaukar mafi yawan aikin, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Baligi lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kafaɗunsa kuwa ba sa motsi. Sai aiki ya fi ƙarfin waɗannan tsokoki ne na wuya da na ƙirji suke kawo gudummawa, kafaɗu su riƙa hawa da sauka.

Dalilai

Dalili na farko shi ne ɗaurewar tsoka. Akwai wata ƙaramar tsoka da ta haɗa haƙarƙari na 3 zuwa na 5 da allon kafaɗa. Manomin da ya wuni a duƙe a fadamar Bomo, da telan Sabon Gari, da ɗalibin da ya sunkuya kan littafi, duk tana iya ɗaure musu, ta jawo kafaɗu gaba. Fargaba ma takan sa numfashi sama-sama. Miƙe jiki da sabawa da numfashin ciki sukan sauƙaƙa wannan.

Na biyu shi ne fuka, watau asma, inda hanyoyin iska suke tsukewa. Ƙurar hunturu da ta sussuka da hayaƙin murhu sukan tayar da ita. Cutar ba baƙuwa ba ce a nan, domin a 1975 Dokta David Warrell da abokan aikinsa sun buga nazarin masu fuka 106 da suka duba a Zariya.

Na uku, wanda ya fi saurin kisa ga yara, shi ne ciwon haƙarƙari, watau nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: numfashi 50 ko fiye a minti ga jariri mai wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, saurin numfashi ne. Idan kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa wajen jan iska, to a gaggauta.

Kammalawa

A al'ada, mai ciwon ƙirji yakan nufi wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga. Sai dai ƙaho ba ya buɗe hanyar iska, ba ya kuma kashe ƙwayar cuta, kwanakin da aka ɓata kuwa su ne sukan ci ran yaro. Wanda haki ya hana shi ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka canja launi, ko yaron da ya kasa shan nono, a kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba tare da jiran wayewar gari ba.